A Bar Babban Titi, a Bi Sawun Shanu

Daga gaɓar tafkin Léman, wanda Faransa da Suwizalan suka yi tarayya a kansa, zuwa bakin Bahar Rum hanya biyu ce. Ɗaya babban titi ne mai faɗi da sulɓi, inda doka ta yarda a taka mota har kilomita 130 a awa. Mutum ya karya kumallo a bakin tafki, ya biya kuɗin shinge nan da can, kafin la'asar sakaliya yana kallon teku a birnin Nis. Ɗayar kuma ita ce Faransawa ke kira Route des Grandes Alpes: wajen kilomita 700 daga garin Thonon-les-Bains, tana hawa dutse tana gangarowa, kwana bayan kwana, ba ta cinyuwa sai an yi ta yada zango a hanya. Magidancin da Allah ya hore wa zuwa ƙasar da iyalinsa, ya kuma iya hayar mota, ni dai shawarata ya ɗauki ta biyun. Ina da dalili, kuma dalilin ya wuce kyan gani da ɗaukar hoto.

Hanyar ba ta jiya ba ce. Ƙungiyar masu yawon buɗe ido ta Touring Club de France ce ta fara kiran a yi ta a 1909, lokacin da mota ke sabon yayi, ba a kuwa haɗe ta gaba ɗaya ba sai 1937, da shugaban ƙasa Albert Lebrun ya buɗe mashigin Iseran. Wannan mashigi yana kan mita 2,764 daga matakin teku, ya ɗara ƙololuwar Chappal Waddi ta Taraba, wadda babu dutsen da ya kai ta tsawo a Najeriya, kuma da mota ake hawansa, yara na baya suna cin biskit. Galibier yana kan mita 2,642, Izoard 2,360. Yawancin shekara dusar ƙanƙara ce ke mulkin waɗannan wurare. Akan buɗe manyan mashigan ne wajen watan Yuni, a sake rufe su wajen Oktoba, don haka duk wanda ya zo da hunturu sai dai ya ji labari.

Ba zan yi wa direba ƙarya ba, tuƙin akwai jan aiki. Titin a wurare da yawa da kyar motoci biyu ke giftawa, gefe guda bangon dutse, ɗaya gefen rami wanda ido ba ya son leƙawa. Ga masu kekuna da suka zo gwada ƙwanjinsu a inda 'yan tseren Tour de France ke bi (tun 1911 tseren ke hawa Galibier), ga masu manyan babura da ke fitowa daga kwana kamar an jeho su. A gangara kuwa, wanda ya ɗora ƙafa kan birki ya bar ta zai ji ƙauri kafin ya kai ƙasa. Dole a bar mota a ƙaramar giya, inji ya riƙe ta. Da muka bi hanyar, uwargida ba ta gaji da faɗa mini ba: "Malam, don girman Allah ka sassauta, ba tsere muka zo yi ba." Alhali kuwa allurar gudu ko arba'in ba ta kai ba. Yaro mai amai a mota a tanadar masa leda, a kuma tsaya masa akai-akai. Doka ma ta ce wanda bai kai shekara 10 ba sai an ɗaure shi a kujerar yara.

To, me za a samu bayan wannan wahala? Abu na farko mai sauƙi ne: iyali sukan dawo da bakinsu. A kan dutse waya takan rasa sabis, kuma ko da akwai shi, yaron da ya duƙufa kan allo a irin wannan kwane-kwane cikinsa ne zai hore shi. Sai dole a dubi taga, a yi tambaya, a yi musu. Ban ɗauki wannan ƙaramin abu ba, amma ba shi ne ya sa na ɗauki alƙalami ba.

Abin da ya sa ni rubutu shanu ne. A hawan Cormet de Roselend, sama da garin Beaufort, garke ya tare mana hanya. Jajayen shanu ne masu baƙin zobe kewaye da ido kamar an rambaɗa musu kwalli, da ƙararrawa a wuya, ba su kuwa da niyyar matsawa don wata motar haya. Irin da ake kira Tarine ke nan. Can gefe, a tsakiyar ciyawa, ga wata akori-kura an jawo ta da tarakta, mai rumfa da ƙananan ɗakuna: injin tatsa ne mai tafi-da-gidanka. Shanun na hawa sama suna bin sabuwar ciyawa yayin da ƙanƙara ke narkewa, injin yana biye da su, ana tatsa sau biyu a yini, tun duhun asuba da kuma yamma. Duk Bafulatanin da ya san tafiya mashekari zai gane lissafin ba sai an yi masa tafinta ba, illa dai a nan tsayin dutse ake bi, kuma makiyayar kowa sananniya ce a takarda.

Shi baƙo idan ya ga wannan shimfiɗaɗɗiyar ciyawa kore shar, da furanni, da bukkokin katako jefi-jefi, sai ya ce haka Allah ya halicci wurin. Dutsen da ƙanƙarar halittar Allah ne, babu ja. Amma ciyawar aikin baki da kofato ce. Inda aka daina kiwo, cikin 'yan shekaru sarƙaƙiya da ƙananan itatuwa ke cinye gangaren, hanyoyin ƙafa su toshe, doguwar ciyawar da ba a ci ba ta kwanta ta zame wa dusar ƙanƙara santsi, ta riƙa zaftarowa kan na ƙasa. Su kansu masu wuraren wasan zamiya na hunturu sun san haka, shi ya sa suke son a yi musu kiwo da bazara. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Saniya ba za ta hau dutse ba sai da makiyayi, shi kuma makiyayi ba zai kwana a bukka wata uku yana tashi tsakar dare ba sai nonon ya biya shi.

A farkon shekarun 1960 nonon ya daina biya. Matasa sun gangara kwari, wasu aikin gina madatsun ruwa, wasu masana'antu, cukun Beaufort da ake yi a shekara ya faɗo ƙasa da tan 500. Waɗanda suka rage, da jagorancin wani manomi mai suna Maxime Viallet, sai suka yi wata dabara da a lokacin mutane da yawa za su kira wauta. Duniya na rububin nono mai yawa mai araha, su kuwa suka ɗaure kansu da ƙa'idoji masu tsanani, suka haɗu cikin ƙungiyoyin gama-kai, suka nemi hukuma ta kare sunan cukunsu, suka kuwa samu a 1968. Ƙa'idar ta ce nonon irin shanu biyu kaɗai ya halatta, Tarine da Abondance. An haramta ciyawar da aka tsima a rami, sai ɗanyar ciyawa da ingirici. An yanka iyakar nonon da za a tatsa daga saniya a shekara, don kada wani ya cika ta da dusa ta zama famfo. Ba a sayar da cukun sai ya kwana aƙalla wata biyar a ɗakin ajiya. Yau abin da ake yi a shekara ya kai wajen tan 5,000, kuma kuɗin da mai shanu ke karɓa a kan lita ya yi wa na takwaransa na ƙasan kwari fintinkau.

Mun shiga ɗakin ajiyar ƙungiyar gama-kai da ke cikin garin Beaufort. Sanyi ne ke fara tarar mutum, sai wani wari mai hawa ka, wanda ya sa autarmu ta toshe hanci ta ce, "Baba, wannan ai ya lalace!" Ga faya-fayen cuku jere kan katako tun daga ƙasa har rufi, kowanne wajen kilo 40, gefensa a lotse ciki, kowanne kuma ya lashe nono kusan lita 400. Ana juya su ana goge su da ruwan gishiri a kai a kai har ɓawon ya yi ja-ja. Matar da ke kanti ta yanko mana ɓalli biyu a bakin wuƙa, na bazara da na hunturu. Na bazaran rawaya ne sosai, na hunturun fari-fari, don ɗaya saniyar furanni ta ci, ɗayan ingirici. Uwargida, wadda ta fi ni sanin man shanu nesa ba kusa ba, ta tauna ta yi shiru, sannan ta ce a auna mata na bazaran. Tsada gare shi, kuma ban yi ciniki ba. A ganina kuɗin kallon dutsen ne nake biya, tunda babu mai tsayar da kai a kan hanyar ya karɓi ko sisi.

Kare sunan cuku irin wannan tsohuwar sana'a ce a Faransa. Cukun Roquefort ya samu tun 1925, Reblochon na tsaunukan Aravis, da hanyar ke ratsawa kafin Beaufort, ya samu a 1958. Haka kuma gwamnati tana ba manoman kan dutse tallafi na musamman saboda wahalar wurin, kada wani ya zaci cuku kaɗai ke riƙe da su. Makwabtanmu na Nijar sun bi wannan sawu da suka yi wa kilishinsu da albasar Galmi rajistar suna. Takardar ita ce mai sauƙi. Mai wuyar ita ce ranar da ɗan ƙungiya, ɗan uwanka, ya karya ƙa'ida, a ce kayansa ba za su ɗauki sunan ba.

Sai maganar ci, kuma a nan dole in yi wa Musulmi gaskiya. Girkin yankin Savoie, da hanyar ke ratsawa, girkin masu sanyi ne, alade kuwa ya shiga cikinsa ya yi kane-kane. Tartiflette da kowane gidan abinci ke tallata wa baƙi dankalin Turawa ne da albasa da Reblochon, amma da 'yan gutsattsarin naman alade a ciki. Tsiran da suke kira diots alade ne. Raclette, narkakken cukun da ake kwararawa kan dankali, da farantin busasshen naman alade take zuwa. Fondue ba nama a cikinta, sai dai da barasar inabi ake narka cukun. Har miyar ganye da ka ga kamar ba ruwanta, tambayi abin da aka soya ta da shi. Wanda ya ji kunyar tambaya zai ci abin da bai yi niyya ba.

Duk da haka ba mu kwana da yunwa ba, kuma ban yarda da masu cika but da taliyar leda tun daga birni suna cewa ba abin ci a ƙasar ba. A bakin Léman akwai kifin tafki, féra da perche, soyayye da man shanu da lemon tsami. Akwai kifin truite na ƙoramu. Akwai gratin, dankali yankakke siriri da aka gasa cikin kirim har samansa ya yi ƙamshi, da crozets, 'yar mitsitsiyar taliya mai kusurwa huɗu, da wainar ƙwai da cuku, da kek ɗin 'ya'yan myrtille masu rina harshen yara shuɗi. Raclette ma ana iya cewa a kawo ba naman. A garuruwan kwari masu masana'antu, irin su Cluses, inda Larabawan Magrib da Turkawa suka daɗe da zama, ana samun mahautan halal, sai a yi guzuri kafin a hau. Mafi daɗin abincin da muka ci ma ba a kan tebur ba ne. Burodi ne dogo da aka saya da safe yana ɗumi, da Beaufort, da tumatir, da zuma, a kan tabarma gefen ƙorama. Ruwan ƙoramar narkakkiyar ƙanƙara ce, alwala da shi sai an cije. Matafiyi dai yana da sauƙin ƙasaru, kuma yana buƙatarsa, don a tsakiyar bazara rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe tara.

Abu biyu ke haɗa baƙo faɗa da Bafaranshen ƙauye. Na farko lokaci. Abincin rana daga sha biyu ne zuwa biyu. Ka iso biyu da kwata, mai gidan abinci zai dube ka ya ce an rufe kicin, ko da kuwa tukunyar na tururi a bayansa, kantunan garin ma da yawa a kulle suke a wannan tsakanin. Mun sha wannan a wani ƙauye, yara na hamma, raina ya ɓaci. Amma in an duba, mai girkin da mai kawo farantin sau da yawa mata da miji ne, su ma sai sun ci, sun huta, sun shirya na dare. Mutanen da suka kai zaman cin abincinsu gaban UNESCO aka sa shi cikin gadon duniya a 2010, suka sake kai burodinsu a 2022, ba za su sauya agogo don motar da ta makara ba. Na biyu gaisuwa. Shiga kanti ba ka ce "Bonjour" ba, kai tsaye ka hau tambayar farashi, rashin tarbiyya ne a wurinsu, kuma za ka gani a fuska. Wannan kam bai kamata ya ba ɗan Hausa wuya ba.

Ƙauyukan ba duka suka burge ni ba. Faransa na da ƙananan hukumomi wajen 35,000, kowacce da magajin garinta, akwai kuma wata ƙungiya da aka kafa a 1982 mai tantance "ƙauyuka mafi kyau", wadda ba ta karɓar mai mutane sama da 2,000. Tambarin yana kawo baƙi, baƙi suna kawo kuɗi, kuɗi kuma wani lokaci yakan kori 'yan gari. Sai ka shiga ƙauye tsaf-tsaf, furanni a kowace taga, amma rabin gidajen a garƙame, na mutanen birni ne masu zuwa hutu, kantunan kuwa ba mai sayar da gishiri ko allura, sai katin hoto da 'yar tsanar dabbar marmotte. Irin wannan wuri minti ashirin ya ishe shi. Ma'aunina shi ne kashin shanu a kan titi da hayaniyar makarantar firamare. Bonneval-sur-Arc, a gindin Iseran ta kudu, ya ci wannan jarrabawa: gidajen dutse, rufin fala-falan duwatsu, an binne wayoyin lantarki a ƙasa don kada su ɓata fuskar gari, mazauna ba su kai 300 ba, amma akwai dabbobi, akwai masu yin cuku. Ta arewacin mashigin kuwa akwai tafkin Chevril, wanda matafiya ke tsayawa ɗauka hoto. Tsohon ƙauyen Tignes na ƙarƙashinsa. A 1952 aka cika madatsar ruwan da ta samar da tafkin, mutanen suka ƙi tashi, sai da aka kawo 'yan sanda. Ya kamata a gaya wa yara wannan tun suna tsaye a bakin ruwan.

Akwai wani abin kuma da ya kamata a gaya musu, a Briançon. Gari ne mai ganuwa a kan mita 1,326, aikin injiniyan soja Vauban, yana cikin jerin UNESCO tun 2008, kuma iyakar Italiya na nan kusa. Tun wajen 2017 dubban baƙin haure, da yawansu samarin Afirka ta Yamma da suka keto Sahara da teku, ke tsallako mashigan Échelle da Montgenèvre da ƙafa, cikin dare, wasu da takalmin roba a cikin ƙanƙara. Wasu sun rasa yatsu, wasu sun rasa rai. A watan Mayun 2018 an tsamo gawar wata matashiya 'yar Najeriya daga kogin Durance, ƙasa da garin. Mutanen yankin sun rabu: akwai masu fita da dare da shayi da barguna suna neman waɗanda suka ɓata, har wasunsu suka gurfana gaban kotu, akwai kuma masu cewa a tsaurara tsaro. Kai da ka biya Yuro 90 na biza aka buga maka, kana zaune cikin mota mai na'urar ɗumama, fatarka da tasu ɗaya ce, kuma jandarman da ke bakin hanya zai iya tsayar da kai ya nemi fasfo. Ka riƙe shi kusa.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne su kansu mutanen dutsen jikokin 'yan ci-rani ne. Savoie, wadda sai 1860 ta zama Faransa tare da Nis, ta daɗe tana tura 'ya'yanta ƙanana birane da hunturu suna share bututun hayaƙi, don a rage bakin ci a gida. Gaba da Briançon, bayan an wuce Izoard da Vars, akwai Barcelonnette, inda za ka ga manyan gidaje masu lambu da ba su yi kama da na makiyaya ba. Kuɗin Meksiko ne. A ƙarni na 19 samarin kwarin suka yi ta tafiya can suna fataucin yadi, waɗanda suka dace suka dawo suka gina, waɗanda ba su dace ba kuwa ba su bar gini ba.

Daga nan ƙasa takan fara bushewa, shanu su ja baya, tumaki su karɓi dutse, man zaitun ya maye gurbin man shanu a tukunya. A nan ne kuma rigimar da ta fi zafi take. Kyarkeci, wanda aka ƙarar a Faransa tun tuni, ya dawo da ƙafarsa daga Italiya, aka fara ganinsa a gandun Mercantour a 1992, yanzu ya bazu, yana kashe dubban tumaki duk shekara. Doka na kare shi, gwamnati na biyan diyya, tana kuma taimaka wa makiyaya da kuɗin shinge da karnuka. Mutanen birni na murna da dawowarsa. Ni ina bayan makiyayi, domin shi ke tashi da safe ya ƙirga gawa, kuma diyya ba ta biyan tunkiyar da ta yi ɓari don firgita. Karnukan da aka kawo, manyan farare da ake kira patou, su ma sun zame wa masu yawo abin tsoro, har an kakkafa alluna a bakin makiyaya ana koya wa baƙo yadda zai yi. Mun gamu da ɗaya a hawan Cayolle, inda muka tsaya miƙe ƙafa. Ya taso daga cikin garke yana haushi mai kauri, ya tsaya tsakaninmu da tumakinsa. Babban ɗana ya ɗaga ƙafa zai ruga, uwarsa ta damƙe masa hannu ta ce, "Kul! Tsaya inda kake." Muka tsaya cik, ba mai kallon idonsa, ya sunsuna mu ɗaya bayan ɗaya, sannan ya raka mu har bakin mota yana tafe a bayanmu. Makiyayin na zaune can kan dutse da sandarsa, ko motsi bai yi ba, hannu kawai ya ɗaga mana.